Tsohon da Na Zaga a Ƙasar Sin

Ba zan tsaya ba ku labarin rakiya da koke-koken tasha ba, duk wanda ya taɓa barin gida ya san su. Abin da ya kamata ku sani shi ne ni ɗan Babura ne, malamin gona a ofishin Kazaure, a shekarun da kuɗin fetur ya yi wa gwamnati yawa har take neman inda za ta tura mu. Wasu aka kai su Ingila, wasu Amurka. Ni da Malam Haruna Roni sai aka ce ƙasar Sin, mu je mu koyo noman shinkafa na ban ruwa, wata takwas. Malam Haruna ya ba ni shekara goma, Bafulatani ne, mu kuma kakanninmu daga Barno suka zo, saboda haka tun a cikin jirgi yake kirana bawansa, ni ma ba na barin ta ta kwana.

Dole in ambaci mahaifina, don ba don tarbiyyarsa ba da babu wannan labari. Goni ne, da hannunsa yake rubuta Alƙur'ani. A gidanmu ba a gaida babba a tsaye, sai ka tuɓe takalmi ka durƙusa. In ka ga dattijo da kaya ko da tsintsiya, karɓa za ka yi. Ina da shekara ashirin ya taɓa marina a tsakiyar kasuwar Babura, don na wuce wani tsoho mai sayar da kanwa da ya zo daga Nijar ban ce masa ci kanka ba. Tsohon ba ma saninsa ya yi ba. Da wannan kai na tafi ƙasar mutane.

Mun sauka Bejin a ƙarshen sanyinsu, wanda tsakiyar namu ba ta kama ƙafarsa ba. Amma ba sanyin ne ya fara ba ni tsoro ba, shirun ne. Gari maƙil da mutane, kowa a kan keke, kowa cikin shuɗin kaya iri ɗaya, mace da namiji, amma ba ka jin komai sai ƙararrawar keke da lasifikar da ke kan falwaya tana ta magana ba numfashi. Mu a Babura in mutum uku suka haɗu, na bakin tasha ma ya san abin da suke cewa.

A filin jirgi wata siririyar mata mai gajeren gashi, da bajin hoton babban shugabansu a ƙirji, ta tare mu.

"Barkanku da zuwa, aminai daga Afirka. Ina fata kun iso cikin ƙoshin lafiya."

Da Hausa ta faɗa. Malam Haruna ya damƙe hannuna ya ce, "Bukar, kai ma ka ji, ko ni kaɗai ta yi wa magana?"

Sunanta Lin, ita ce tafintarmu. A jami'a ta koyi Hausa, Hausa tsaf irin ta littafi, wadda ba ta taɓa shiga kasuwa ba. Kafin mu kai masauki ta karɓe fasfo ɗinmu, wai don kada su ɓata. Sannan ta jero mana dokoki tana murmushi. Kada mu fita mu kaɗai. Kada mu ɗauki hoton abin da ba a nuna mana ba. Kada mu yi magana da wanda ba a gabatar mana da shi ba. Na ce, "Malama Lin, ko gaisuwa?" Ta ce, "Gaisuwa ma magana ce, Malam Bukar." Da na ga fasfona ya shige jakarta sai na ji kamar an rufe ƙyaure daga waje.

Daga Bejin kwana biyu muka yi a jirgin ƙasa, muna nausawa yamma. Duk tashar da aka tsaya sai fuskoki su cika taga, ba dariya, ba magana, kallo kawai. Wata tsohuwa da ke share taragonmu ta kasa haƙuri, ta sa yatsa ta murza bayan hannuna ta duba ko zai yi baƙi. Na fusata, har na buɗe baki. Sai ta zaro dafaffen ƙwai daga aljihu, da ɗuminsa, ta cusa mini a tafin hannu ta wuce da sauri tana waige. Wannan ƙwan ya yi mini rana, don tun da muka sauka tsoron naman alade ya hana mu cin komai sai wani farin burodi da suke turarawa, mai kama da tuwon da aka manta ba a yi masa miya ba. Goronmu kuwa a rana ta tara ya ƙare, duk da cewa Malam Haruna ya koma tsaga ƙwaya ɗaya gida huɗu.

Makarantar da aka kai mu tana bakin wani ƙaton kogi mai ruwa kamar an dama ƙasa. Ƙasar wajen busasshiya ce irin tamu, amma an janyo ruwan kogin ta hanyoyi manya da ƙanana, ga fadamun shinkafa iya ganinka. Na tsaya ina kallo ina tuna gonakinmu na Kanya Babba da ke zaman jiran sama. Duk wanda ya tsara wannan aiki, na ce a raina, ya san abin da yake yi.

Aka ba mu ɗaki mai taga ɗaya da ke kallon tsakar gida. A tsakar gidan akwai famfo da daɓen siminti, can gefe kuma wani tsohon gini mai koren rufi inda ake ajiye takin zamani. Shugaban kwamitin makarantar, Kwamared Gao, gajere ne mai faffaɗar fuska, yana yawan dariya amma idonsa ba ya taya shi.

Washegari da sassafe na fito alwala sai na ga wani tsoho yana shara. Ya kai saba'in, bayansa ya ranƙwafa, rigarsa duk faci. Ɗalibai samari suna ta wucewa ta gefensa kamar turke suke wucewa. Ban yi wani tunani ba. Na tuɓe takalmi, na durƙusa, na ce, "Baba, ina kwana?" Sannan na miƙa hannu na karɓe tsintsiyar.

Ban taɓa ganin tsoro a fuskar babban mutum irin na ranar ba. Ya fizge tsintsiyarsa, ya waiga hagu ya waiga dama, ya sunkuyar da kai ya ja da baya har ya bugi bango. Sai ga Lin kamar daga ƙasa ta tsiro.

"Malam Bukar, tashi. Wannan mutum ba a gaishe shi."

"Don me? Kisan kai ya yi?"

"Maƙiyin jama'a ne. Ana gyara masa tunani ta hanyar aiki."

Ta bi ta kan wurin da ya share, takalminta duk laka, ko kallonsa ba ta yi ba. Tun daga ranar na tsane ta. Na ce wa Malam Haruna wannan yarinya ba ta da iyaye, in ma tana da su to sun yi asara. Shi kuwa ya ce, "Bawana, shinkafa aka aiko ka ka koya. Ka iya bakinka, ka iya gwiwarka." Ban ji ba. Kullum in na hango tsohon sai in ɗan rusuna, shi kuma ya juya mini baya. Bayan shara, shi ne mai kwashe masai da guga biyu a kafaɗa ya kai gona, don su ba sa zubar da komai. In na gan shi yana rangaji da gugan nan sai abinci ya fita raina.

Mun yi kusan mako uku, wata safiya na zo famfo sai na tarar an ja layi da jiƙaƙƙiyar tsintsiya a kan daɓe, da kan kibiya, tana nuna yamma. A ƙarƙashinta an rubuta Makka da haruffan Larabci, rubutu mai kauri da lanƙwasa irin wanda ban taɓa gani ba. Tsohon yana can nesa yana shara, bayansa gare ni. Ina tsaye iska ta busar da rubutun, kamar ba a yi ba.

Sai a lokacin kaina ya kawo wuta. Tun da aka haife ni inda rana take fitowa nake kallo in yi salla, ban taɓa tambayar kaina ba. Ashe mun wuce Makka tun a jirgin sama, ta koma bayanmu. Mako uku ni ɗan Goni da Malam Haruna muna ba Ka'aba ƙeya, tsohon nan yana ganinmu ta taga. Da na gaya wa Malam Haruna sai ya ce, "Ai laifina ne da na bar Babarbare ya yi mini limanci."

Ni kuwa murna ta cika ni. Musulmi ne! Washegari na tsoma yatsa a ruwa na rubuta sallama a kan daɓen da hannun Barno irin na mahaifina. Da na dawo daga salla na tarar an amsa a ƙasanta. Haka muka ci gaba. Wata rana aya guda, wata rana kalma ɗaya tak. Ba mu taɓa haɗa ido ba. Da na leƙa ginin takin nan mai koren rufi sai na ga wani lungu a bangon yamma, an jibge buhuna a ciki, na gane wurin tsayuwar liman ne. A duk ƙasar nan mai mutane kamar ƙasa, wannan daɓen simintin ne kaɗai inda nake jin ina da ɗan'uwa.

Da aka gama dashe sai aka ce manya za su zo daga babban birnin lardi. Kwana biyu kafin zuwansu aka tumɓuko shinkafa mafi kyau daga gonaki uku aka cusa a gona ɗaya ta bakin hanya. Ni manomi ne, na ga ƙasar ba ta kama saiwar ba, amma na yi shiru, wannan ba ruwana. Aka yi liyafa da rana a babban zaure, ƙofofi a buɗe. Bayan an ci an sha Kwamared Gao ya ce baƙo daga Afirka ya tashi ya faɗi abin da ya fi burge shi.

To mu a wurinmu, in kana son ka taimaki talakan da aka danne, ba abin da ya fi ka yabe shi a gaban manya. Na sha ganin yadda kalma ɗaya a gaban hakimi take fitar da mutum daga wahala. Na hango tsohon a tsakar gida da gugansa, na ce yau ce ranarsa.

Na yabi kogi, na yabi shinkafa. Sannan na ce, "Amma ranku ya daɗe, abin da ya fi burge ni shi ne wancan dattijo. Malami ne. Shi ya nuna mini alƙibla, rubutunsa kuwa ko a Barno sai an tona. Bai kamata irinsa yana ɗaukar masai ba."

Malam Haruna ya taka mini ƙafa. Lin ta yi fari fat. Ta yi magana da harshensu gajeriya, mutane suka gyaɗa kai suna murmushi. Na ga abin da ta faɗa bai kai tsawon nawa ba, na tabbata ta cinye mini magana saboda baƙin hali. Sai taurin kan ya motsa. Na nuna tsohon da yatsa, na nuna yamma, na ɗaga hannuwana biyu zuwa kunne kamar mai kabbara, na yi alamar rubutu a ƙasa. Wannan ba ya bukatar tafinta. Kwamared Gao ya ajiye tsinkayen cin abincinsa a hankali, yana ta murmushi.

Washegari ba shara, ba rubutu a daɓe. Zuwa azahar bangon makaranta ya cika da manyan takardu masu baƙin rubutu, a kowacce akwai wasu haruffa uku da aka soke da jan tawada, waɗanda daga baya na gane sunan tsohon ne. Ɗaliban da suke yi mini murmushi suka koma sauya hanya in sun hango ni. Aka sa wani mutum a kan kujera a bakin ƙofarmu, wai don tsaron lafiyarmu. Ba fasfo, ba waya, ba wanda ya san sunan garin da nake a duk Babura. Na kwana biyar ina jin ƙarar kowace mota a ƙirjina, in kuma na tuna da tsohon sai in ji kunyar tsoron da nake ji wa kaina.

A rana ta shida muna gona, ruwa iya ƙauri, Lin ta tuɓe takalmi ta shigo. Ta tsuguna kusa da ni ta kama ganyen shinkafa kamar tana nuna mini cuta. Mai tsaronmu yana kan kunya yana kallo. Fuskarta ɗauke da murmushi, muryarta kuwa ba murmushi a ciki.

"Malam Bukar, ka dubi ganyen, kada ka dube ni. Ka riƙa gyaɗa kai."

Na gyaɗa.

"Ana tuhumar tsohon da yaɗa addini da haɗa baki da baƙon ƙasar waje. In ta tabbata za a kai shi sansanin aiki a cikin hamada. Masu ƙarfi ma ba duka suke dawowa ba. Jibi za a yi taro, za a kira ka shaida."

"Ai ke kin ji daɗi," na ce. "Dama ba kya ƙaunarsa."

Ta juya ganyen.

"Mahaifina ne."

Ta ci gaba da magana a hankali, da Hausarta ta littafi. Sunansa Ma. Shi ya tsara hanyoyin ruwan nan da nake ta yabo, shi ne babban malamin makarantar a da. Mahaifinsa ne limamin ginin da ake ajiye taki. Da guguwar juyin juya halinsu ta taso, ɗalibansa da kansu suka ƙone littattafan gidan a tsakar gida, suka aske masa gemu, suka sa shi kiwon aladu shekara uku kafin a ba shi tsintsiya.

"Shekara tara ke nan da na hau dandamali na ce ba ubana ba ne. Na ajiye sunansa na ɗauki na mahaifiyata. Shi ya umarce ni, ya ce in ba haka ba mu duka za mu tafi. Da na ji za a kawo masu jin Hausa nan, na roƙa a turo ni. Kullum da safe ina bi ta gabansa don in ga yana tsaye da ƙafarsa."

"Malama Lin, ki yafe mini. Me zan yi?"

"Ka ce ba ka san shi ba. Ka ce kamfas, na'urar nan mai allura, ya nuna maka yamma. Ka ce durƙuson da kake masa, a ƙasarku haka ake yi wa mahaukaci don a yi dariya. Ka zage shi."

"In zagi sa'an ubana? To ni in faɗi wani abu daban, ke ki juya musu yadda kike so."

"Na yi haka ranar liyafa, ka ɓata da hannunka. Yanzu sun aiko da wani daga Bejin mai jin Hausa, zai zauna ya saurare mu, ni da kai. Sai ka faɗa da bakinka." Ta saki ganyen ta miƙe. "Kuma ka faɗa da kyau. In muryarka ta yi rawa za su gane."

Da na gaya wa Malam Haruna, wannan karon bai tsokane ni ba. Sai ya ce, "Bukar, bakinka ya jefa shi, bakinka zai fito da shi. Ladabin da zai kashe mutum ka ajiye shi sai mun koma gida."

An yi taron da hantsi a filin makaranta. Ɗalibai da manoman ƙauyukan kusa suka cika wurin, a zaune a ƙasa sahu-sahu. Aka fito da tsohon kan dandamali, samari biyu sun murɗe hannayensa ta baya sun danna kansa ƙasa, an rataya masa allon katako a wuya da waya siririya. Wayar ta shige fata. Wani ya riƙa ɗaga murya, jama'a suna amsawa da dunƙulallen hannu. A cikin masu amsawar na ga tsofaffi sa'anninsa, bakinsu yana motsi, idonsu a ƙasa. A teburin manya ga wani mai tabarau da littafi a buɗe, bai ce mini komai ba sai, "Sannu, Malam." Wannan sannun ta fi duk ihun ba ni tsoro.

Aka kira ni. Lin ta tsaya a gefena, tsakaninta da mahaifinta bai fi taku uku ba.

Kwamared Gao ya tambaya, ta juya mini. "Ka san wannan mutum?"

"Ban san shi ba."

"Ya taɓa koya maka wani abu na addini?"

"Wannan? Me ya sani da zai koya mini? Kamfas gare ni."

"Me ya sa kake durƙusa masa?"

Na ga mahaifina a tsakiyar kasuwar Babura, hannunsa a sama. Na ga alƙalamin mai tabarau yana jira.

"A garinmu haka ake yi wa mahaukaci, yara su yi dariya. Ranar liyafa ma shaƙiyanci nake. Tsohon banza ne, ƙazami, warin masai yake. Ko kusa da ɗakina ba na so ya zo."

Na faɗa da ƙarfi, muryata ba ta yi rawa ba, kuma har yau wannan ne abin da ya fi ci mini rai, yadda na iya. Lin ta juya da harshensu, da murya kamar ta lasifika, kalma bayan kalma, a kan ubanta. Mai tabarau ya bi ta da ido har ta dire, sannan ya gyaɗa kai. Wasu suka yi dariya. Kwamared Gao bai gamsu ba tukuna. Ya sa aka kawo tsintsiyar, ya miƙo mini, ya nuna tsohon da haɓa. Na karɓa na wurga masa. Ta bugi ƙaurinsa ta faɗi. Tsintsiyar da na taɓa durƙusawa na karɓa daga hannunsa ke nan.

Na koma ɗaki na yi amai har sai da ba abin da ya rage. Ranar ban iya haɗa ido da Malam Haruna ba, shi ya ja mu salla.

Mako uku ba labari. Na rame, wandona ya koma sai da igiya. Ban isa in tambayi Lin ba, ita ma ba ta ce komai ba, sai darasin taki da na kwarin shinkafa. Rannan da sassafe ina kwance na ji shaf, shaf, shaf a tsakar gida. Na leƙa ta taga. Shi ne, yana jan ƙafar hagu, wuyansa ɗaure da tsumma. Na zame na zauna a ƙasa ina kuka kamar yaro, Malam Haruna yana toshe mini baki da hularsa saboda na bakin ƙofa.

Daga nan na koyi aikin da ya fi dashen shinkafa wuya. Kullum in fito, in bi ta gabansa, kaina a sama, in taka inda ya share. Gwiwata tana so ta lanƙwashe da kanta, ina hana ta. Daɓen famfo ya zauna a bushe. Ban san ko ya san dalilina ba, ko kuwa a wurinsa ni ma na bi sahun ɗalibansa ne. Wannan tunani ya hana ni sakat.

Lissafin wata ya riga ya ɓace mana, don kalandarsu ba ta san da mu ba. Wata safiya na zo alwala sai na ga wasu 'ya'yan itace guda uku a bayan famfo, a kan ɗan ganye, jajaye busassu, kamar magaryar da ta yi ƙiba. A kan daɓe kuma an zana jinjirin wata da ruwa, har ya fara bushewa. Azumi ya kama. Na dunƙule su a hannu na wuce ban waiga ba. Da magariba muka buɗe baki da su, ɗaya ni, ɗaya Malam Haruna, ta ukun muka rasa wanda zai ci.

Cikin azumin nan babban shugabansu ya mutu. Lasifika ta yi ta kiɗan makoki, mutane suna kuka har da faɗuwa, kowa yana satar kallon na kusa da shi ya ga ko kukansa ya kai. Kwamared Gao ya daina dariya. Kowa ya san wani abu zai sauya, ba wanda ya san ta ina, mu dai addu'armu kada a rufe hanya muna ciki. Bayan girbi Lin ta zaro fasfo ɗinmu daga jaka, na karɓi nawa da hannu biyu.

Ranar tafiya mota tana jira a bakin ƙofa, manyan makaranta sun jeru. Tsohon yana tsakar gida yana shara. Hanyar mota ta gabansa ta bi. Ni da Lin muka jero, ni da akwatina, ita da jakarta, muka wuce shi kamar turke. A gefen idona na ga daɓen famfo a jiƙe, da kibiya tana nuna yamma, inda Makka take, inda gida yake. Ba rubutu a ƙasanta. A cikin mota Lin ta zauna a gaba, bayanta a miƙe, har muka kai tasha ba ta juyo ba. Ban sake jin labarinsu ba. Na rubuta wasiƙa sau biyu bayan shekaru, da aka ce abubuwa sun yi sauƙi a can, amma na yaga, don na riga na ga abin da alherina yake jawowa.

Da na iso Babura, bayan an watse daga sannu da zuwa, na sami mahaifina a zaure yana fiƙe alƙalami. Na tuɓe takalmi na durƙusa, sai na kasa tashi. Na gaya masa komai, har kalmomin da na faɗa, ban rage ko ɗaya ba. Na sunkuyar da kai ina jiran mari, kuma da ya mare ni da na ji sanyi.

Ya ɗaga alƙalamin ya dubi bakinsa.

"Da ka baro shi, yana tsaye?"

"Yana tsaye, Baba. Yana shara."

"Da ƙafarsa?"

"Da ƙafarsa."

Ya tsoma alƙalamin a tawada, ya gwada shi a gefen takarda.

"To ai ka gaishe shi, Bukar. Tashi ka sa takalminka."